Gidanmu ya ƙi sayuwa, maigida yana so mu zuba 'yan haya a ɓoye

Assalamu alaikum Anti. Muna zaune a Ingila, ni da maigidana da yaranmu uku. Shekara huɗu da suka wuce muka karɓi bashin banki muka sayi gida mai ɗaki uku a wani gari na arewacin ƙasar, sunana da nasa duk suna kan takardun. Bara ya samu aiki mai gwaɓi kusa da Landan, muka tattara muka koma, muka kama haya a can, gidan kuma muka sa shi a kasuwa. Yau wata takwas ke nan. Mutum ɗaya ya taya, magana ta yi nisa har lauyoyi sun shigo, sai bankinsa ya hana shi bashi, ciniki ya watse. Duk wata muna biyan banki fam 820, ga harajin kansul, wato ƙaramar hukuma, na gidan da babu kowa a ciki, ga hayar inda muke. Saura fam 130,000 a kanmu. Ɗan abin da muka tara ya kusa ƙarewa, har abin da muke aika wa iyaye mun rage.

Akwai wani ɗan garin su maigida da ya zo aikin asibiti a can tsohon garinmu, iyalinsa sun biyo shi, suna cunkushe a ɗaki ɗaya. Maigida ya ce mu ba shi gidan a fam 950, ba takarda ba ejan, wato dillalin gidaje, ranar da aka samu mai saye ya tashi. Na ce mu fara tambayar banki. Ya ce in mun tambaya mun tona wa kanmu asiri, ko su ƙi ko su ƙara mana kuɗin ruwa, kuma ai kowa haka yake yi. Har cewa ya yi ba na tausayin bayin Allah. Anti, ba na iya barci. Ina tsoron banki, ina tsoron ɓacin ransa. Yaya zan yi?

Wata uwa daga Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya sauƙaƙa muku. Wata takwas kina ciyar da gida biyu da aljihu ɗaya, dole barci ya ƙaurace. Kuma ki kwantar da hankalinki kan abu guda: tambayar da kika yi ba rashin tausayi ba ne, ba kuma shisshigi ba ne a harkar maigida. Hannunki yana kan takardar bashin nan kamar nasa. A idon banki, kowannenku yana ɗauke da bashin gaba ɗaya, ba rabi da rabi ba, kuma duk abin da ya ɓaci zai ɓaci ne da sunanku ku biyu. Wadda ta sa hannu tana da bakin magana.

Ki ɗauko takardun da banki ya ba ku ranar da kuka sayi gidan, ki nemi wurin da ake magana kan wanda zai zauna a ciki. Za ki tarar an rubuta cewa ku ne za ku zauna, kuma ba za ku ba da haya ba sai da rubutaccen izininsu. A kan wannan sharaɗi suka ba ku kuɗin ruwa mai sauƙi, domin a lissafinsu mai zaune a gidansa ya fi mai gidan haya riƙon biya. Wanda ya saɓa, banki yana da damar ƙara masa kuɗin ruwa, wani ma har ya koma baya ya lissafa tun ranar da aka sa ɗan haya. Yana da damar da ta fi wannan ciwo, wato ya ce a biya shi sauran bashinsa duka. Ba kullum suke kaiwa can ba, amma kin san ba ku da fam 130,000 a ajiye da za ku gwada sa'a da ita.

Maigidanki ba mugun nufi gare shi ba, ina so ki riƙe wannan yayin da za ki yi masa magana. Aikinsa ne ya tashe ku daga gidan, to duk wata da kuɗi ya fita, a ransa shi ya jawo. Ga ɗan garinsu cikin matsi, ga gida a kulle, sai ya ga ai ga dama ta rufa wa kansa asiri ya rufa wa wani. Tsoron ƙarin kuɗin ruwa da yake yi ma gaskiya ne, bankuna da yawa suna ƙarawa. Inda na rabu da shi shi ne zancen kowa haka yake yi. Waɗanda suka yi suka sha, su ake jin labarinsu a wurin suna da walima. Wanda banki ya aiko wa takarda ba ya tsayawa a taro ya ba da labari.

Kuma asirin ba ya rufuwa yadda yake zato. Wannan bawan Allah dole ya sa sunansa a harajin kansul, ya yi wa yara rajistar makaranta da adireshin, ya rubuta shi a wurin likita, a banki, a takardun izinin zamansa. Ku ma adireshinku ya riga ya canja a bayanan da bankuna ke dubawa. Amma abin da ya fi damuna inshora ne. Ki ɗauka tsakiyar Janairu ne, bututun ruwa ya daskare a saman silin ya fashe, ruwa ya sauko da rufin falo, ya jiƙa wayoyin wuta. Kamfanin inshora ya turo mai dubawa. Yana shiga ya ga takalman yaran wasu a bakin ƙofa, matar da ta buɗe masa kuma ba ke ba ce. Inshorar da kuka yanka ta mai zaune a gidansa ce, suna da hujjar ƙin biyan ko kwabo. In gobara ce, Allah Ya kiyaye, gida ya tafi, bashi yana nan. Af, tun da na taɓo inshora, ko yanzu da gidan yake a kulle ki duba takardarku yau ɗin nan. Yawancin irin wannan inshora tana raguwa ko ta daina aiki idan gida ya yi kwana 30 ko 60 babu kowa, sai an sanar da su.

Neman izinin kuwa bai kai yadda yake tsoro ba. Bankunan Birtaniya sun saba da irinku, mutanen da aiki ya ɗauke su gida bai sayu ba, kuma suna da fom na musamman na izinin ba da haya na ɗan lokaci. Canjin wurin aiki yana cikin dalilan da suka fi karɓa. Abin da suke dubawa shi ne ko kuna biya a kan kari, ko bashin ya ɗan daɗe, da kuma yawan abin da ya rage idan aka kwatanta da darajar gidan. Shekara huɗu kuna biya, kun shigo da ƙarfinku. Izinin yakan zama na wata shida zuwa shekara ɗaya ko biyu, wasu suna sabuntawa. Wasu suna karɓar kuɗin fom kawai, wasu suna ɗora ƙari a kan kuɗin ruwa, sau da yawa kashi ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka. Kira ki tambayi sharuɗɗansu ba ya ɓata muku suna a bayanan bashi. Yawancinsu ma sun rubuta sharuɗɗan a shafinsu na intanet, kina iya karantawa ba tare da kin faɗi sunanki ba. Idan gidan na cikin tsarin tallafin gwamnati na sayen gida ne, ko filin da yake kai na wani ne kuna biyan kuɗin ƙasa, to akwai izini na biyu da za a nema a can.

Yanzu zo mu yi lissafi da alƙalumanki. Haya 950, banki 820, ragowa 130. Idan aka ƙara kashi ɗaya cikin ɗari a kan 130,000, fam 1,300 ke nan a shekara, wajen 108 a wata. Saura 22. Inshorar mai gidan haya ta fi ta yanzu tsada. Kuna nesa, in kun ɗauki ejan ya kula da gidan zai ci kashi goma ko fiye na hayar. Boila, wato na'urar ɗumama gida da ruwa, za ta lalace wata rana, kuma ranar sanyi take zaɓa. Wato riba babu, kuna ma iya cikawa daga aljihu. Sai dai cika fam ɗari ko ɗari biyu a wata ya fi zubar da kusan dubu a gidan da babu kowa, kuma harajin kansul zai koma kan mai zaune. Ki lura da wani abu: duk abin da ɓoyewar za ta tsirar muku bai wuce wannan 108 ba. Don ita ake so a sa gidan gaba ɗaya a caca.

Sai maganar da ta fi komai nauyi a wasiƙarki, wadda na ga ke kanki ba ki tsaya a kanta ba: “ranar da aka samu mai saye ya tashi.” Ƙanwata, a Ingila wannan alkawari ba shi da ƙafa. Daga ranar da mutum ya karɓi mukulli, yana biyan haya, gidan ya zama mazauninsa, doka ta ɗauke shi cikakken ɗan haya ko da babu takarda ko guda. Rashin takarda ku yake cutarwa, shi haƙƙinsa yana nan. Fitar da shi ba ta hanyar kotu ba, ko canja masa kwaɗo, laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa a ƙarƙashin dokar 1977 ta hana korar 'yan haya ba bisa ƙa'ida ba. Kuma sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya da aka amince da ita a Oktoban 2025, wadda aka sa 1 ga Mayu 2026 ta zama ranar fara aikinta, ta soke tsohuwar hanyar da mai gida ke ba da notis na wata biyu ba tare da faɗin dalili ba. A ƙarƙashinta, mai son karɓar gidansa don ya sayar sai ya ba da notis na wata huɗu, kuma ba zai iya tayar da ɗan haya da wannan dalili ba a cikin wata 12 na farko. In ya tashe shi da sunan sayarwa gidan kuma bai sayu ba, an hana shi sake ba da haya har wata 12. Idan ɗan haya ya daina biya, sai bashin ya kai na wata uku kafin kotu ta zama dole ta ba ku gidan, ban da jiran layin shari'a. Wannan dokar Ingila ce, Sikotland da Wels suna da nasu tsarin.

Ma'anar wannan ita ce, ranar da kuka miƙa mukulli kun ɗage sayar da gidan da aƙalla shekara guda. Ana iya sayar da gida da ɗan haya a ciki, amma masu sayen irin wannan 'yan kasuwar gidaje ne, kuma ba sa taya farashin da mai neman wurin zama zai taya. Maigida zai ce ai ɗan garinmu ne, mutumin kirki, ba zai kai mu kotu ba. Na yarda. To amma ki tsaya a matsayin matarsa. Ta sa yara a makarantar unguwa, ta rataye labule, sai a wata na huɗu a kira a ce an samu mai saye, ku nemi wuri. Ina za su nufa? Ko su tashi cikin ƙunci suna jin an yi amfani da su, ko su zauna ku rasa mai saye ku ji an ci amanarku. Ta kowace fuska zumuncin ya taɓu, kuma labarin zai riga ku isa gida. Akwai ƙari: ɗan hayar da aka sa ba da izinin banki ba, idan abu ya lalace banki ya zo karɓar gida, abin da doka ta 2010 ta tanadar masa shi ne ya roƙi jinkirin da bai wuce wata biyu ba. Tausayinsu da maigida yake magana a kai, takarda da izini su ne suke tabbatar da shi.

Saboda haka shawarar da ke gabanku ta fi ta tambayar banki girma. Sai kun zaɓa, sayarwa kuke yi ko haya, domin ba a gudu ana susar ɗuwawu. Ni a ganina, da yake kuɗinku ya ja baya kuma kuna nesa, ku fara ba sayarwa dama ta ƙarshe ta gaske, ta wata biyu ko uku. Gidan da ya yi wata takwas da tayi ɗaya, kusan kullum farashi ne matsalarsa. Ku kira wasu ejan biyu dabam su kimanta shi, ku duba nawa aka sayar da makamantansa a layin, ba nawa masu su suke nema ba. Bayanan cinikin gidaje a buɗe suke a hukumar rajistar filaye. Na san rage fam dubu biyar ko takwas yana da ɗaci, amma ki haɗa abin da ya fita a wata takwas ɗin nan ki gani. Kafin ku rage, ku tambayi banki ko akwai tarar biyan bashi da wuri idan kuna cikin wa'adin tsayayyen kuɗin ruwa, da kuma ranar da tarar za ta faɗi, don tana iya kaiwa dubbai. A kiran nan kuma ku tambaya ko kun cancanci sassaucin da manyan bankuna suka amince da shi da gwamnati a Yunin 2023, wanda ke barin mai biya a kan kari ya koma biyan kuɗin ruwa kaɗai na wata shida, ko a tsawaita masa shekarun biya. Numfashi ne kawai, bashin bai ragu ba, amma numfashin kuke buƙata yanzu. Ku kira kansul ma. Tun Afrilun 2024 suna da ikon ninka haraji a kan gidan da ya shekara babu kowa, kuna gab da cika shekara, amma ana ɗage wannan ninkin na ɗan lokaci ga gidan da ake tallarsa da gaske, sai an nema ake samu.

Idan wa'adin ya cika babu mai saye, ko kuka zauna kuka ga za ku iya riƙe gidan shekara biyu, to ku yi hayar a fili, kuma babu abin da ya hana ɗan garin nasa ya zama shi ne ɗan hayar. Ku gaya wa banki ko wane ne, domin wasu suna da sharaɗi kan ba dangi haya. Izini ya fara zuwa a rubuce, sannan inshorar mai gidan haya, sannan mukulli. Kafin ya shiga, injiniya mai rajista ya duba gas ya ba da satifiket, wannan duk shekara ne. Wayoyin lantarki ana duba su duk shekara biyar. Takardar ingancin makamashi ta gidan kada ta gaza matakin E. A sa na'urar gano hayaƙi a kowane hawa, da ta gano gurɓatacciyar iska kusa da boila. Ku duba izinin zaman duk babban da zai kwana a gidan, doka ce a Ingila, ko da kun san su tun suna yara. Kuɗin ajiya da ɗan haya ke bayarwa jingina kada ya wuce hayar mako biyar, kuma a sa shi cikin ɗaya daga hukumomi uku da gwamnati ta amince da su a cikin kwana 30, wanda ya ƙi ana iya cin sa tarar da za ta iya kai ninki uku na kuɗin. Ku tambayi kansul ko unguwar tana buƙatar lasisin mai gidan haya. Ya yi kama da yawa, amma aikin mako biyu ne.

Haraji ma kada ku bar shi a baya. Kuɗin haya kuɗin shiga ne, sai kun sanar da HMRC, hukumar harajin ƙasar, kafin 5 ga Oktoba da ke biye da ƙarshen shekarar harajin da kuka fara karɓa. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ba a cire fam 820 da kuke ba banki daga lissafi. Ana cire gyara, inshora da kuɗin ejan, kuɗin ruwa kuma rangwamen kashi 20 cikin ɗari kawai ake ba shi tun 2020. Ma'aurata masu gida tare ana raba musu kuɗin biyu, to ku duba kada rabon maigida ya haura da shi sama da fam 50,270, inda haraji ke tsallakawa zuwa kashi 40. Sannan idan hayar ta daɗe kuka sayar da riba, wani yanki na ribar zai iya shiga haraji, domin shekarun da kuka zauna a ciki da wata tara na ƙarshe ne aka yafe. Awa ɗaya da ƙwararren akanta, amfaninta ya fi kuɗinta a nan.

In banki ya ƙi, akwai komawa bashin da aka tsara don gidan haya, a wurinsu ko wani banki. Yawanci suna so rubu'in darajar gidan ya zama naku, hayar kuma ta haura kuɗin ruwa da rata mai kyau. Dillalin bashin gida mai zaman kansa zai gaya muku cikin kira ɗaya ko kun kai. Bankunan Musulunci na ƙasar ma suna da irin wannan tsari na gidan haya, ga wanda yake son ya yi amfani da wannan dama ya sauya. Idan kun ga an zalunce ku, ku rubuta ƙorafi, bayan mako takwas kuna iya kai shi Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sauraren ƙorafi kan bankuna, kyauta. Citizens Advice da MoneyHelper, masu ba jama'a shawara kan irin waɗannan al'amura, su ma ba sa karɓar ko sisi.

Saura yadda za ki tunkari maigida. Kada ki ɗaga waya ki kira banki a bayan idonsa, ko da kina da ikon yi, domin zai ji kin kai ƙararsa, kuma fom ɗin ma sai da hannunsa. Ki bari yara su kwanta, ya ci abinci. Ki fara da abin da yake gaskiya, cewa kin ga nauyin da yake ɗauke da shi, kuma ke ma kina so mutanen nan su fita daga ɗaki ɗaya. Sannan ki ajiye masa takarda ɗaya da lissafin nan, 950 a sama, abubuwan da ke fita a ƙasa, da maganar wata 12. Ina kyautata zaton bai san da ita ba, kuma namiji ya fi saurin sauka idan sabon bayani ne ya canja masa ra'ayi, ba a ce an kayar da shi a gardama ba. Ki roƙe shi abu ɗaya tak: ku kira banki tare, a buɗe murya, ku ji da kunnenku kafin a yanke komai. Idan ya riga ya yi wa ɗan garinsu alkawari yana jin kunyar janyewa, ku taimaka musu ta wata hanya, ku raka su neman gida, ku nuna musu ejan da kuka sani a garin. Idan ya kafe, ki gaya masa cikin ladabi cewa ba za ki iya yarda da abin da aka sa sunanki a kai ba, ki nemi wani babba da yake jin maganarsa, wanda ya daɗe a ƙasar ya san dokarta, ya zauna da ku.

Idan kuwa kafin wannan amsa ta iso ki an riga an miƙa mukulli, kada ku firgita kuma kada ku ce wa mutanen su fita. Ku kira kamfanin inshora a ranar, ku kira banki ku faɗi gaskiyar ranar da suka shiga, ku nemi izinin daga nan. Bankuna sun fi sassauta wa wanda ya kawo kansa fiye da wanda suka gano. Ki sake rubuto mini abin da suka ce, mu duba sharuɗɗan tare kafin ku sa hannu.